Aron Kawu

Shekarar da ofishin ilimi ya kawo sabon tsarin nan, makarantarsu ce ta uku daga ƙasa cikin makarantu talatin da huɗu na yankin. A bangon ɗakin taro aka kafa allon, an jera makarantun kowace da launinta: kore ga waɗanda yaransu ke karatu, rawaya ga masu dama-dama, ja ga irin tasu. Shugabar makarantar ta fara neman tasu daga sama, ta yi ta gangarowa da ido, har sai da ta sunkuya kafin ta gan ta. Wani shugaba da ke bayanta ya ce, "Malama, a hankali, kar bayanki ya riƙe." Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma ranar ko abinci bai shigar mata ba.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Kowane zango makaranta za ta zaɓi matsala guda, ta gwada gyara guda na mako shida, a auna a ga ko an motsa, sannan shugabanni su haɗu kowa ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya yi aiki a yaɗa shi, wanda bai yi ba a watsar, a sake sabon zagaye. Malamai suka raɗa wa shirin suna Gyara-ba-hutu. Wadda ke riƙe da shi wata matashiya ce siririya mai saurin magana, tana yawo da wata ƙaramar mota da sai an tura take tashi. 'Yar Ofis ake ce mata. Ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai in ta ga yaro ɗan aji huɗu ya kasa haɗa harufa uku, fuskarta ta kan canza kamar ita ta haife shi.

Shugaba ta kwashi takardun gwajin ta baje a teburinta, ta yi kwana uku tana juya su. A rana ta uku ta lura da wani abu. Aji biyu kashi uku ne a makarantar, malamai uku. Ta bi sunayen 'yan aji uku, da na huɗu, da na biyar da suka iya karatu, ta ɗauko tsofaffin rijistoci ta duba inda kowa ya fito. Kusan dukkansu ta hannun mutum ɗaya suka biyo, wato Kawu.

Shekararsa ashirin da shida a makarantar. Dogo ne mai ɗan doro, in yana tafiya aljihunsa na ƙara saboda murafan kwalba da yake tsinta a hanya. Yara ne suka fara ce masa Kawu, har ya bi bakin kowa. Lokacin da Shugaba ta zo makarantar tana sabuwar malama, a can ta same shi, shi ya nuna mata yadda ake rubutu a allo ba tare da an juya wa yara baya gaba ɗaya ba. Yanzu ita ce ke sa masa hannu a takardar hutu, amma har gobe in ya shigo ofishinta sai ta miƙe. A taron malamai ba ya magana, domin yana da in'ina, kuma gaban manya take tsananta, sai kalma ta maƙale masa ya yi ta kokawa da ita har jijiyar wuyansa ta tashi.

Washegari ta shiga ajinsa ta zauna a baya. Kowane yaro na da 'yar jaka cike da murafai, a cikin kowane murfi an rubuta harafi. Suna zaune bibbiyu suna jera kalmomi a kan benci, suna musu ƙasa-ƙasa. Shi kuwa Kawu yana can lungu a kan wata gajeruwar kujera, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Yaro zai karanta masa layi biyu ko uku, shi ya karkatar da kai yana saurare.

"Ke wancan harafin cikinsa gaba yake kallo, wannan kuma baya," ya ce wa wata 'yar ƙarama. "Jiya kin gane shi. Yau ya canza riga ne?"

Yarinyar ta tuntsire da dariya ta sake karantawa. Ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Yara arba'in da biyar ne a ajin, kuma kafin mako ya ƙare babu wanda bai zauna gabansa sau biyu ba.

Gyaran da makarantar ta zaɓa ke nan a zagayen farko: sauran malaman aji biyu su riƙa zama a ajin Kawu suna kallo, su koma su yi. Zango biyu suka fita daga ja, a na uku suka shiga kore. Shugaba ta rubuta rahoto shafi huɗu, ta zuba sunansa a kowane shafi, don ta daɗe tana jin haushin yadda mutum irin wannan zai tsufa babu wanda ya san da shi. Ko gaya masa ba ta yi ba, so take ya ji daga sama.

Daga sama kuwa ya ji. 'Yar Ofis ta zo ta wuni a ajin, bayan mako biyu takarda ta iso. Ofis na neman aron malamin aji biyu na tsawon zango ɗaya, ya zagaya makarantun yankin ya koya wa malamai. A ƙasan takardar akwai wurin da shugabar makaranta za ta sa hannu in ta amince.

Ta aika aka kira shi. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa, sannan ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Sh-shugaba, ni da manya ba ma shiri. Kin sani."

"Kawu, zango ɗaya ne fa. Wata uku."

"Yarana fa? Akwai bakwai da yanzu suka fara kamawa."

"Zan sa musu ido da kaina."

Ya yi ɗan murmushi. "Ki ce musu na tsufa. Ki ce na fara mantuwa. Ba wanda zai ƙaryata ki."

"Haba Kawu. Ka ga allon nan da idonka? Makaranta goma sha huɗu ke cikin ja. Yaran can ba 'ya'yan mutane ba ne?"

Sai ya ce, "In kin ce in je, zan je. Ke ce sh-shugaba."

Ta ji nauyin maganar, ta kuma san abin da yake nufi, cewa ba a tilasta mata ba, tana iya mayar da takardar yadda ta zo. Amma ta riga ta hango shi a gaban taro ana tafa masa. Ta ɗauki biro ta sa hannu yana kallo.

Ta halarci bitar farko. Malamai sittin ne a babban ɗaki, an ba shi lasifika. Ya buɗe baki zai yi sallama, kalmar ta tsaya. Ya sake gwadawa, ta sake tsayawa. Wasu samari a baya suka fara taɓa juna, wata ta rufe baki da littafi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Shugaba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai ya ajiye lasifikar a kan tebur, ya matsa kusa da 'Yar Ofis ya yi mata raɗa. Ta fita da gudu, ta dawo da yara shida daga ajin da ke kusa. Kawu ya jawo wani kwali ya zauna a kai, ya zazzage aljihunsa a ƙasa, ya manta da malamai sittin ɗin. Cikin rabin awa wani yaro da malaminsa ya rantse ko sunansa bai iya ba ya haɗa kalma da murafai huɗu, ya karanta ta da ƙarfi, ya ɗago yana zare ido kamar wanda ya yi laifi. Ɗakin ya ɗauki tafi. Shugaba ta tafa har tafin hannunta ya yi zafi. Shi yana durƙushe yana tsince murafansa.

Zango ɗaya ya zama biyu. A ƙarshen na biyu ofis ya ce akwai makarantun nesa da ba a kai ba. Kawu ya zama ɗan tasha. Da sassafe zai fita da buhun murafai, ya shiga motar haya, wani wurin ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. An buga ƙaramin littafi mai hoton murfi a bango, an raba wa kowace makaranta. Ajinsa kuma aka ba wani sabon malami, saurayi mai ƙoƙari, sai dai ba ya son zama a gajeruwar kujera, ya ce tana ɓata masa gugar wando. Shugaba ta sa ido na mako uku, daga nan aikin ofis ya sha kanta. Cikin yara bakwai ɗin nan, huɗu sun kama, uku suka wuce aji uku a haka.

Lokaci-lokaci, in hanya ta biyo da shi, Kawu ya kan tsaya a makarantar. Ba ya shiga ajin, a bakin taga yake tsayawa, don kar ya shiga hurumin sabon malami. Daga nan ya zo ofishinta ya cire takalmi, ƙafafunsa sun kumbura har sawun igiya ya fito.

"Ka je asibiti kuwa?"

"Sun ce jinina ya hau. Na ce musu dole ya hau, kullum yana cikin mota."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Sai ya ce, "Shugaba, wata makarantar da na je, m-murafan na kulle a kabad. Sai an ji ƙarar motar ofis ake fito da su. Wata kuma an sa yara suna rera harufan kamar waƙa, malami na tsaye da sanda. Na gaya musu murfi ba komai ba ne, shara ce na tsinto. Zaman ne, da sauraron. Sai su ce yara sun yi yawa."

Ya gaya wa 'Yar Ofis haka, ta kuma yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin da ya sa ma ta nemi a ƙara masa zagaye ke nan, ya koma makarantun da suka ɗauki murfin suka bar sauraron. Kuma gaskiya abin yana ci. Ja ya sauko daga goma sha huɗu zuwa tara, daga tara zuwa biyar. Shugaba da kanta ta ji wata mai sayar da kayan miya tana ba da labarin yadda 'yarta ta karanta mata takardar magani, matar na faɗa tana share ido da gefen mayafi.

Da aka shiga shekara ta uku, saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, sai ya zo mata da roƙo. Wannan karon bai yi wasa ba.

"Aji ɗaya nake so. In karɓe su ranar farko, in miƙa su ranar ƙarshe. Shekara biyu ke nan ina ganin yaro rabin awa, ya fara buɗe baki, in tafi. Ban san s-sunan ko ɗaya ba. Ki dawo da ni, Shugaba. Ke kika ba da ni."

Ta rubuta takarda, shiru. Ta rubuta ta biyu, aka ce ana dubawa. Ta uku da hannunta ta kai wa Daraktan ofishin ilimi. Dattijo ne mai natsuwa, shi ma tsohon malamin aji. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya murza ido.

"Malama, ba na musun ko kalma ɗaya. Amma ke yara arba'in da biyar kike gani, ni kuma dubu goma sha ɗaya aka ɗora mini. Makaranta biyar suka rage. Ki ba ni zagaye ɗaya tak. In kin san wani da zai iya abin da yake yi, faɗi sunansa yanzu in sake shi yau."

Ba ta da sunan da za ta ba shi. Da ta gaya wa Kawu, sai ya gyaɗa kai kawai ya ce Allah ya kai mu, ya saɓa buhunsa.

Mako na biyar na wannan zagayen, da hantsi, Shugaba na tsakiyar duba littattafan darasi, wayarta ta yi ƙara. Shugaban wata makaranta ne can ƙarshen yankin. Ya ce Kawu na zaune yana sauraron wata yarinya, sai yarinyar ta ga murafan sun zube daga hannunsa, ya karkata ya jingina da bango. Ita ta ruga ta kira malamai. Kafin a samo mota a kai shi asibiti an fi awa biyu.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Bayan kwana goma sha biyu aka mayar da shi gida.

Ranar da aka sallame shi 'Yar Ofis ta zo makarantar, ta tsaya a ƙofar ofis ba ta shigo ba, da ambulan a hannu. Idanunta sun yi ja.

"Tun kafin ya faɗi nake bin Darakta," ta ce. "Na ce masa ni zan ƙarasa makarantun da kaina. Ya sa hannu a takardar ana gobe abin zai faru. Tana kan teburina, na ce sai na zo da kaina in ba shi, in ga fuskarsa."

Shugaba ta karɓa ta karanta. An amince malamin aji biyu ya koma makarantarsa daga farkon zango mai zuwa, tare da godiyar ofis.

Tare suka tafi gidan da la'asar. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, an shanya zanen gado a igiya. Matar Kawu ta tare su, ƙaramar mace mai kaifin murya, wadda Shugaba ke ce wa Inna. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta dubi 'Yar Ofis sama da ƙasa.

"Ke ce mai motar?"

"Ni ce, Inna."

"Yana yabonki. Ya ce kina da zuciya, sai dai ba kya barin mutum ya numfasa." Ta juya ga Shugaba. "Kullum da safe sai ya nuna mini rigarsa ta aiki da hannun hagu. In na ce ina za ka, sai ya ɓata rai. To na gaji da faɗa, yanzu sa masa nake yi, in zaunar da shi a bakin ƙofa ya ga 'yan makaranta na wucewa. Shekara talatin ina cewa ya rage surutun yara a gidan nan, kullum wance ta iya kaza, wane ya kasa kaza. Ga shi an rage mini."

Ta tashi ta ɗaga musu labule.

Yana kwance an tokare shi da matasai. Ya rame, gefen bakinsa ya saki, amma idanun nasa ne. Shugaba ta durƙusa a gefen gadon ta gaishe shi, ya lumshe ido ya buɗe. Tun a mota take shawara da zuciyarta ko ta karanta masa ko ta bari, don ba ta san ko daɗi zai ji ko ciwo ba. Da ta ga yana kallon ambulan ɗin, sai ta buɗe ta karanta a hankali, har da godiyar ofis. Ya saurara da kansa a karkace. Da ta gama ya miƙo hannun hagu, ta sa masa takardar, ya ɗora ta a ƙirji ya dafe.

"Kawu, ka yafe mini," ta ce. "Ranar nan da ka ce in ce ka tsufa, da na bi maganarka."

Leɓensa ya motsa, ya yi ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, babu abin da ya fito. Ya girgiza kai. Har yau ba ta san ko cewa yake babu komai ba, ko kuwa cewa yake ta daina. 'Yar Ofis ta fita tsakar gida, suna jin shessheƙarta daga ciki, da muryar Inna tana ce mata ya isa haka, 'yar nan, ya isa.

A cikin hutu ya rasu, saura kwana tara a koma makaranta. Malamai suka zo daga makarantun da Shugaba ba ta taɓa takawa ba, har layin ya cika. Wasunsu ba su san sunansa na gaskiya ba sai ranar.

A taron farkon zango, makaranta biyu kacal suka rage cikin ja. Darakta ya sa aka yi masa addu'a, ya yi magana mai kyau a kansa. Ya nemi Shugaba ta ce wani abu. Ta miƙe, ta dubi shugabanni talatin da uku, ta ce Allah ya jiƙansa, ta zauna. Daga nan aka raba fom na sabon zagaye, kowa ya rubuta matsalar da makarantarsa za ta tunkara bana. Ta rubuta lissafin aji huɗu, don shi ne gaskiya.

A baranda 'Yar Ofis ta tare ta. Ta ɗan tsufa a wata biyun nan.

"Malama, don Allah ki gaya mini tsakaninki da Allah. Kuskure muka yi?"

Shugaba ta dubi masu fita suna neman abin hawa.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "In na shiga aji na ji yara na karatu, sai in ce ba mu yi ba. In na tuna zamansa a ofishina ranar da takardar ta zo, sai in kasa haɗiye ruwa. Kullum haka nake, tsakanin biyun nan."

"Ni ma haka."

"To kin gani."

'Yar Ofis ta ce za ta rage mata hanya. Motar ta ƙi tashi, sai da maigadi da wasu shugabanni biyu suka tura. Suka kama hanya har ƙofar makaranta. Shugaba ta sauka ta yi godiya, ta tsaya ta ga motar ta juya. An kusa tashi, iyaye sun fara taruwa a bakin ƙofar ƙarfe, wata uwa na jiran ta da sabuwar yarinya da ba a samu sa ta a rijista ba tun safe. Ta gyara mayafinta ta ce musu su biyo ta ofis.